Gaskiya ko Jita-jita: Ta ina cuta ke samun jariri a cikin kwalba?

Tsakanin watan Nuwamba da Disamba na 2019, jarirai goma suka rasu a asibitin Tembisa da ke lardin Gauteng na Afirka ta Kudu. Abin da ya yi ajalinsu wata ƙwayar cuta ce da ake kira Kilebsiyela, irin wadda ta riga ta gagari yawancin magunguna, kuma a cikin asibitin suka kamu da ita. Da aka matsa da tambaya, hukumar lafiya ta lardin ta faɗi abin da ya bayyana komai: ɗakin jariran an yi shi ne don gado 44, amma sau da yawa yakan ɗauki kusan jarirai 90.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙofar ɗakin bakwaini, a Kano ne ko Damagaram ko Kumasi, ya san yadda wurin yake. Kaka na kan tabarma a baranda, uba na kai da komo da takardar magani, mai jego na leƙen ɗanta ta gilashi. Idan aka fito aka ce cuta ta shiga jinin jariri, nan take kowa zai kawo nasa dalilin. Wasu dalilan suna da tushe. Wasu kuwa ba su da shi, kuma suna jawo asarar rayuka, domin da su ake yanke shawarar wa za a bari ya shiga, wa za a kora, me za a saya, wa za a zarga.

"Cunkoso takura ce kawai, ba shi ke kawo cuta ba"

Jita-jita ce. Gaskiya ne cunkoso ba ya ƙirƙirar ƙwayar cuta, amma shi ke share mata hanya. Yawancin ƙwayoyin da ke kashe jarirai a asibiti ba iska ke yawo da su ba. Hannu ne ke ɗaukar su daga jikin wannan jariri ya sauke a jikin wancan, ko kuma kayan aikin da ake tarayya a kansu: ma'aunin zafin jiki, abin sauraren ƙirji, robar zuƙe majina, sikelin awo.

An daɗe da auna wannan. A 1982, wasu masu bincike biyu a Amurka, Robert Haley da Dennis Bregman, suka bi diddigin ɓarkewar ƙwayar Sitafilokokus da ta riƙa maimaituwa a wani ɗakin jarirai. Suka gano cewa bayan lokutan da yawan jariran ɗakin ya haura 33, kamuwa da cutar kan ninka sau bakwai. Bayan lokutan da nas ɗaya ta riƙe jarirai fiye da bakwai kuwa, sai ta ninka sau 16. A lura da tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu. Yawan jarirai illa ne, amma ƙarancin masu kula da su ya fi shi illa nesa ba kusa ba. Don haka idan ana maganar cunkoso, ƙidayar gadaje ba ta isa ba, sai an ƙirga hannuwan da ke aiki a kansu, musamman da daddare da ranakun hutu.

Ko a ƙasar da ba ta rasa komai ba haka abin yake. A ƙarshen 1996 zuwa farkon 1997, ƙwayar Entarobakta ta ɓarke a ɗakin jarirai na asibitin jami'ar Janiba a Suwizalan. Ɗaki ne na jarirai 15, a lokacin yana ɗauke da 20, ma'aikata kuma sun yi ƙaranci. Da aka sa ido sai aka ga wanke hannu ya ja baya, ana kuma ɗibar magani daga kwalba guda ana yi wa jarirai da dama. Cutar ba ta tsaya ba sai da aiki ya ragu, aka tsananta tsaftar hannu, aka koma ba kowane jariri nasa maganin daban.

Mai karatu zai iya yin lissafin da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanke hannu da sabulu da ruwa yadda ya kamata yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60. A ɗauka nas ɗaya na riƙe da jarirai 12, kowanne kuma tana bukatar taɓa shi sau uku a awa ɗaya: ta gyara masa robar hanci, ta ba shi nono ta tiyo, ta duba ƙarin ruwa. Taɓawa 36 ke nan. Idan za ta wanke hannu tsakanin kowace taɓawa, kusan rabin awar ya tafi a bakin famfo, ban da tafiya da dawowa, ban da ranar da famfon ya ƙafe. A cikin wannan hali wani jariri ya daina numfashi a can kusurwa. Me ake so ta yi? Za ta ruga ne, kuma daidai ta yi. Ta wannan rugawar ta ceton rai ce ƙwayar cutar ke tsallakawa. Shi ya sa a Birtaniya ƙa'idar ƙwararru ta ce jaririn da ke cikin mawuyacin hali nas ɗaya gare shi shi kaɗai, na tsaka-tsaki biyu ga nas ɗaya, waɗanda suka fara farfaɗowa huɗu ga nas ɗaya. Asibitocinmu da yawa sun yi nisa da wannan ma'auni, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariran da aka haifa a asibitocin ƙasashe masu tasowa suna kamuwa da cuta ninki uku zuwa ashirin na takwarorinsu a ƙasashe masu arziki.

"Tunda yana cikin kwalba, babu abin da zai same shi"

Wannan ma jita-jita ce, sai dai irin mai sanyaya zuciyar iyaye. Aikin kwalba shi ne ta riƙe wa jariri ɗumi da danshi, saboda bakwaini ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi. Ba ta kashe ƙwayar cuta. Hasali ma ɗumi da danshin nan su ne abin da ƙwayoyi irin su Sudomonas suka fi so, idan ba a sauya ruwan kwalbar ana wanke ta tsakanin jariri da jariri ba. A ɗakin da ya cika kuwa, yaushe kwalba za ta huta har a kwance ta a wanke? Ana fitar da wannan, ana saka wancan. Wani wurin ma biyu ko uku ake haɗawa a guda.

Shi kuma wanda ke ciki ba shi da garkuwar kirki. Yawancin sinadaran kariya da uwa ke ba ɗanta ta mahaifa suna wucewa ne a watanni ukun ƙarshe na ciki, bakwaini kuwa ya fito kafin ya karɓi rabonsa cikakke. Fatarsa siririya ce, ba ta gama ƙwari ba. Sannan duk abin da aka sa masa don a cece shi, allurar da ake bari a jijiya, tiyon cibiya, robar numfashi, ƙofa ce da aka buɗe zuwa cikin jikinsa. Dole ne a sa su, amma duk kwanan da suka ƙara ba tare da bukata ba haɗari ne ƙari.

"Iyaye mata ne ke shigo da datti, gara a hana su shiga"

Wannan ce maganar da ta fi ci mini rai, domin har wasu ma'aikata sun yarda da ita, kuma ita ce ta fi nisa da gaskiya.

A 1978, a babban asibitin haihuwa na Bogota, babban birnin Kolombiya, wani likitan yara mai suna Edgar Rey Sanabria ya rasa yadda zai yi. Bakwaini sun fi ƙarfin kwalabe, ana haɗa su ana cunkusawa, cuta na bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fara ɗora jaririn a ƙirjin uwarsa, fata da fata, tsakanin nonuwanta, a ɗaure shi da zane, ya sha ɗuminta ya sha nononta. Wannan shi ne asalin abin da ake kira goyon kangaru. Ke nan tun farko cunkoso da cuta ne suka haifar da dabarar.

Shekaru da dama ana ganin goyon ƙirji na jaririn da ya riga ya farfaɗo ne, wanda ya yi rauni sosai kuwa sai ya fara zaman kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada gaskiyar wannan ra'ayi a manyan asibitoci biyar: Ile-Ife a Nijeriya, Komfo Anokye a Kumasi ta Ghana, da wasu a Indiya, Malawi da Tanzaniya. Jarirai sama da 3,200 ne, masu nauyin kilo ɗaya zuwa ƙasa da 1.8. Rabi aka bi da su yadda aka saba. Rabi kuma aka kai gadon uwar cikin ɗakin kula na musamman, aka ɗora mata ɗanta tun daga sa'o'in farko, da robar numfashinsa da ƙarin ruwansa, kusan awa 17 a rana. Idan uwar ba ta da lafiya, wata mace daga dangi ta karɓe ta. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna mutuwa cikin kwana 28 na farko ta sauko daga kashi 15.7 cikin ɗari zuwa kashi 12, wato raguwar kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Alamun shigar cuta cikin jini su ma sun ragu. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, don ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran jariran abin da ke ceton rai. A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta mayar da shi ƙa'ida: bakwaini ko ƙaramin jariri a fara masa goyon ƙirji nan take bayan haihuwa, sai fa wanda ba ya iya numfashi da kansa ko yake cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Uwa ɗanta kaɗai take taɓawa. Hannunta ba ya zagaya gadaje goma sha biyu. Duk ƙunzugun da ta sauya, duk nonon da ta ba shi da ƙaramin kofi, taɓawa ɗaya ce ta ragu daga hannun da ke yawo. Ƙwayoyin da ke fatarta, waɗanda jikinta ya saba da su kuma nononta ke ɗauke da kariyarsu, su ke riga na asibiti zama a jikin jaririn. Ga kuma dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da wasu gidaje har yanzu ke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, alhali babu abin da ya kai shi sinadaran kariya. Wani bincike da aka yi a Ingila a 1990 ya nuna cewa mummunan ciwon ruɓewar hanji da ke kama bakwaini ya fi yawa ninki shida zuwa goma ga waɗanda madarar gwangwani zalla ake ba su, idan aka gwada da masu shan nonon uwa zalla.

Mu da muka gaji goyo tun kaka da kakanni, kuma ba mu rasa inna ko goggo ko ƙanwar da za ta karɓi mai jego ta huta, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Abin da ya rage shi ne a yi wa uwa wurin kwanciya, da banɗaki mai ruwa, da abinci, kusa da ɗanta.

Inda maganar hana shiga ke da gaskiya shi ne batun 'yan barka. Ɗakin bakwaini ba wurin zumunci ba ne. Mai mura, mai tari, mai gudawa, mai ƙurji a leɓe, da ƙananan yara, duk su dakata. Murar da babba zai yi kwana uku ya warke tana iya kai bakwaini ga na'urar numfashi. Ita ma uwar sai ta wanke hannu duk shigarta, ta yanke farce, ta cire zobe da awarwaro.

"Wurin da ake sa riga da hula a cire takalmi, ya tsira"

Ba lalle ba. An tattara gwaje-gwajen da aka yi kan sa wa ma'aikata da baƙi doguwar riga kafin shiga ɗakin jarirai, ba a ga ta rage kamuwa da cuta ko mutuwa ba. Safar hannu ma, idan da ita za a taɓa wannan a taɓa wancan, mai sanye da ita kaɗai take karewa.

Abin da ido ba ya kulawa da shi ne ke yin ɓarna. A birnin Oklahoma na Amurka, tsakanin 1997 da 1998, jarirai 46 suka kamu da Sudomonas a ɗaki guda, 16 suka rasu, kuma bincike ya danganta yawancin abin da farcen nas biyu, ɗaya mai dogon farce, ɗaya mai farcen kanti. A Ayalan ta Arewa, daga Disamban 2011 zuwa Janairun 2012, jarirai huɗu suka rasu da wannan ƙwayar, aka same ta zaune a cikin kawunan famfon wanke hannu na ɗakunan. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne man tsaftace hannu a jikin kowane gado, wanda daƙiƙa 20 zuwa 30 sun ishe shi kuma ba ya bukatar famfo. A asibitin Janiba ɗin nan, ƙarƙashin jagorancin Didier Pittet, da aka wadata ma'aikata da shi a tsakiyar shekarun 1990, tsaftace hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66 cikin ɗari, cututtukan da ake ɗauka a asibitin suka sauko daga kusan kashi 17 zuwa kusan 10.

"Sakacin nas-nas ne"

Rabi gaskiya, rabi zalunci. Akwai sakaci, babu mai musun wannan, kuma wanda ya yi ganganci da ran jariri ya cancanci hukunci. Amma idan aka bi manyan ɓarkewar da aka yi bincike a kansu, abin da ake tararwa tsari ne da ya tilasta wa mutane yin abin da suka san bai dace ba. A asibitin Mahatma Gandhi da ke Durban, jarirai 22 suka rasu da Kilebsiyela a 2005, kuma rahoton bincike ya ambaci cunkoso, ƙarancin ma'aikata, da ɗibar ruwan jijiya daga kwalba ɗaya ana raba wa jarirai da yawa don a yi tattali. A babban asibitin koyarwa na Banjul a Gambiya, ɓarkewar da aka yi a 2016 an gano ta a cikin ledojin ƙarin ruwa da magungunan allura da ake buɗewa a yi ta ɗiba. Bakwaini 'yan cokula kaɗan yake bukata, leda kuwa rabin lita ce, iyaye kuma da ƙyar suka sayi ɗaya. Wace nas ce za ta zubar da sauran alhali na kusa da shi ba shi da ko ɗigo? Tausayi ne ya sa ta raba, amma duk huda ledar da aka yi dama ce ga ƙwayar cuta, kuma da ta shiga, kai tsaye za ta wuce jinin duk wanda aka ɗibar wa. Maganin wannan yana ofishin masu sayen kaya da kasafin kuɗi: ƙananan ledoji, wurin haɗa magani mai tsafta, da mutum guda da aikinsa ke nan. Korar nas ɗaya ba ta sauya ko ɗaya daga ciki, sai ma ta ƙara wa sauran yawan jariran da za su riƙe.

"Ko ya kamu, ai akwai allura"

Da can wannan magana ta fi ƙarfi. Tsakanin 2015 da 2017 an yi wani babban bincike a ƙasashe bakwai na Afirka da Kudancin Asiya ƙarƙashin jami'ar Kadif ta Birtaniya, kuma Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano da wasu asibitocin Abuja suna ciki. Kilebsiyela ce ta fito a sahun gaba cikin masu shiga jinin jarirai. A rukunin ƙwayoyin da take ciki, kusan duka ba sa jin ampisilin, kusan kashi 70 cikin ɗari kuma ba sa jin jentamaisin, alhali waɗannan biyun su ne magungunan da aka saba farawa da su. Masu ƙarfin da suka rage suna da tsada, kuma aljihun uba ne ke biya. Ga wani abin kuma: inda babu ɗakin gwajin da zai faɗi wace ƙwaya ce, likita kan ba kowa magani mai ƙarfi don gudun da-na-sani, wannan kuwa shi ke kashe ƙwayoyi masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili.

"To gara a bar shi a gida"

Wannan ce mafi haɗari, kuma ina tsoron kada wani ya karanta abin da ya gabata ya ƙare a kanta. Bakwainin da ba ya iya tsotso, ko numfashinsa ke sarƙewa, ba shi da abin da zai riƙe shi a gida. Sanyi, ƙarancin sukari a jini da ɗaukewar numfashi suna kisa cikin sa'o'i, kuma gida ma yana da nasa hanyoyin cuta, musamman ta cibiyar da ake gasawa da tsumma ko a shafa mata man goge baki da toka. Ɗakin da ya cika ya fi babu. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko yake numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa ke lotsawa, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yake jijjiga, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da ƙafa, asibiti za a nufa da shi a lokacin, ba sai an jira suna ba. A tafi da shi ɗaure a ƙirjin uwarsa ko wata babba, da hula a kansa, a lulluɓe su tare.

Cunkoson ma ba ƙaddarar da ba ta sauyawa ba ce. A Kumasi, bayan wani ɗan jarida, Seth Kwame Boateng, ya nuna wa duniya a 2017 yadda ake jera jarirai a gado ɗaya a asibitin Komfo Anokye, jama'a da kamfanoni suka tara kuɗi ƙarƙashin jagorancin uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Rebecca Akufo-Addo, aka buɗe sabon ginin uwa da jariri a farkon 2018. Sai dai gini da sababbin kwalabe su ne ɓangaren da ake yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Kwalba ashirin da nas biyu a aikin dare cunkoso ne, komai faɗin ɗakin. Idan mai kuɗi ko ɗan majalisa ko ƙungiyar unguwa na son taimaka wa ɗakin jarirai, su fara tambayar shugabar nas-nas: mutum nawa ke kwana a kan jarirai nawa, famfo na kawo ruwa dare da rana, akwai man tsaftace hannu a kowane gado, kuma ina iyaye mata ke kwana. Sannan a ƙarfafa ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi su iya riƙe jariran da ɗumi da nono da iskar numfashi kaɗai suke bukata, don kada kowa ya kwararo asibitin koyarwa guda ɗaya da ke babban birnin jiha.